Baban Biyu da Faifan da Ya Ƙi Tashi

Duk wanda ya yi aiki a asibitin idon nan na bayan tasha, ko da na ɗan lokaci ne, sai an ba shi labarin ranar da Baban Biyu, mai kula da kwamfutocin asibitin, ya tara jama'a don su ga abin mamaki. Sun kuwa gani, sai dai ba irin wanda ya shirya musu ba.

A ƙarshen baranda, bayan ɗakin gwajin tabarau, akwai wani ɗan ɗaki marar taga, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsuke cikinsa. Nan sabar asibitin take, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke zuwa ɗibar bayani a wurinta: sunan marar lafiya, hoton cikin idonsa, lambar gilashinsa, da ranar da zai dawo. A cikinta akwai faifan ajiya guda biyu da ke aiki kamar mutum da madubinsa. Duk abin da aka rubuta a ɗaya, nan take yake sauka a ɗayan, don in na farko ya mutu na biyu ya ci gaba da aiki ba a rasa ko wasali ba.

A ranar da ake magana, bayan an sallami marasa lafiya, Baban Biyu ya kashe sabar a gaban Likita mai asibitin, da Babbar Nas, da duk wanda ya sami wurin leƙe a bakin ƙofa. Ya zare faifai na farko, ya ɗaga shi sama kamar mai gwanjo.

"To, jama'a, a ɗauka wannan ya riga mu gidan gaskiya," ya ce. "Yanzu ku ga yadda ƙaninsa zai riƙe gida."

Ya danna maɓalli, ya juya wa allon baya don ya more kallon fuskokin mutane. Fanka ta ɗauki kuka, fitilu suka kama, shi kuwa yana ta murmushi. Sai ya lura babu mai taya shi. Da ya waiwaya, allon baƙi ƙirin, sai wani ɗan ɗigon fari a kusurwa yana ta ƙifta masa ido. Ya kashe, ya sake kunnawa. Ɗigon ya dawo. Ya hura wa faifan iska da baki, abin da shi kansa yake hana mutane yi. Ɗigon dai na nan.

Can daga baya direban asibitin ya ɗaga murya. "Baban Biyu, a yi masa uzuri mana. Zaman makokin yayansa yake yi."

Dariyar da aka yi har masu gadi sai da suka jiyo. Baban Biyu ya mayar da faifai na farko, sabar ta tashi lafiya lau, ba abin da ya ɓace. A nan masu ba da labari suke tsayawa, domin nan ne wurin dariyar. Ragowar ba a cika faɗarta ba.

Da farko dai, Baban Biyu ba shi da tagwaye. 'Ya'yansa mata ne zalla, kowacce kuma ita kaɗai ta zo. Faya-fayan nan ne suka jawo masa sunan, saboda yadda yake maganarsu. In ka tambaye shi ya aiki, sai ya ce, "Yaran suna lafiya, babban ne dai ya ɗan yi zafi jiya." Kullum da safe kafin ya gaida kowa sai ya buɗe ɗan ɗakin, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon fitilu biyu kore suna ƙyalli tare. Nas-nas sun yi roƙon duniya ya bar su su ajiye ruwan shansu a ciki, tunda nan ne kaɗai na'urar sanyi ba ta hutawa, ya ce ko Likita ne ya kawo gorarsa sai dai ya yi haƙuri. Matarsa kan ce yaransa na ƙarfe suna kwana cikin sanyi, nata na jini suna fama da fankar da sai an tura ta da tsinken tsintsiya.

Makullin ɗakin kuwa a ƙugunsa yake, ɗaure da igiyar takalmi. Da shi yake zuwa biki, da shi yake zuwa gaisuwar rasuwa. Ba shi da ofis, ba shi da kujera mai juyawa, ba a rubuta sunansa a jikin kowace ƙofa ba. Abin da yake da shi a asibitin nan shi ne ƙofa guda wadda ba mai buɗe ta sai shi, ita ce kuma shaidar an yarda da shi.

Sana'ar ba a makaranta ya fara ta ba. A wani ɗan shago na ƙarƙashin bene ya koya, wurin gyaran injin kwafar takardu, shi da amininsa da kowa ke kira Ango. Sunan ya samo asali tun bikin aurensa, wanda Baban Biyu ya yi masa babban aboki, ya ci bashin barci da na takalmi. Ango ya yi furfura, 'ya'yansa sun fi shi tsawo, amma bai daina amsa Ango ba, shi ma bai daina kiran abokinsa Babban Aboki ba. Da shagon ya mutu, Baban Biyu ya kama aiki a asibitin, Ango ya zama ɗan kwangila mai jan wayoyin kwamfuta a ofisoshi. Duk aikin waya da ya taso a asibitin, Baban Biyu ne ke kai sunan Ango gaban Likita. 'Yan matan gidan kuwa Kawu suke ce masa, suna jin ƙarar babur ɗinsa tun daga kan kwana.

Su biyu suka haɗa sabar a ranar da aka kawo ta cikin kwali. To, akwai wani abu da wanda ba ya cikin sana'ar ba zai sani ba. Madubin nan kaya yake kwafa, amma ba ya kwafar ɗan umarnin da ke tayar da kwamfuta. Shi wannan a bakin faifai yake zaune, gefe guda, shi kwamfuta ke fara laluba in an kunna ta, kuma kowane faifai sai an sa masa nasa da hannu. In ba a sa wa na biyu ba, yana nan maƙare da kaya kamar gidan da aka cika da dukiya aka manta ba a yi masa ƙofa ba.

Sun gama sa wa na farko ke nan sai maƙwabciya ta bugo waya: matar Baban Biyu naƙuda ta tashi. Ango ya fizge sukundireba daga hannunsa.

"Tafi, malam! Matarka na can tana kiran sunanka, kana nan kana lallashin ƙarfe? Na biyun ne kawai ya rage, ai ko ido a rufe na yi shi."

Da yamma Baban Biyu ya kira shi daga barandar ɗakin haihuwa. "Ango, mace ce kuma."

"Barka, Babban Aboki! Ka tara surukai. Ni ma na sauki nawa lafiya. Na sa wa na biyun nasa, na gwada, ya tashi garau. Je ka rungumi 'yarka."

Shi ke nan. Jaririyar ta yi rarrafe, ta yi haƙori, ta shiga makaranta, Baban Biyu bai taɓa zare faifai na farko ya gwada da kansa ba. In ka tambaye shi dalili zai ce gwajin sai an tsayar da aikin asibiti, kuma kullum benci cike yake da tsofaffi masu jiran a duba musu yanar ido. Gaskiya ne. Amma akwai wani dalilin a ƙasa. A wurinsa, sake gwada aikin da Ango ya ce ya gwada kamar ka shinshina abincin da yayarka ta zuba maka ne kafin ka ci.

Abin da ya kawo zancen nunin shi ne Likita ya dawo daga wani taro hankalinsa a tashe. Wani abokin aikinsa ya ba shi labarin yadda kwamfutarsu ta mutu da bayanan marasa lafiya kaf, suka koma tambayar tsofaffi wane ido aka yi musu aiki. Baban Biyu ya bugi ƙirji ya ce wannan ba zai faru a nan ba, in ma Likita na so ya zo ya gani da idonsa. Don murna har Ango ya gayyata, tunda aikinsu ne su biyu, ya ce bai kamata a yi yabo babu shi ba. Babur ɗin Ango ma ya lalace ranar, Baban Biyu ne ya je ya ɗauko shi a bayan nasa.

Saboda haka lokacin da dariyar direba ta lafa, Ango na tsaye a jikin ƙofa, kafaɗarsa na gogar ta Likita. Likita bai yi dariya ba. Ya cire tabarau, ya juya.

"Malam Ango, an ce tare kuka haɗa ta. Me ya faru?"

Baban Biyu na durƙushe yana ɗaure murfin sabar. Har ya buɗe baki zai ce laifinsu ne su biyu, don ya rage wa abokinsa nauyi, sai ya ji muryar da ya sani tun suna samari.

"Ranka ya daɗe, ai tun ranar na gaya masa na biyun ba zai tashi shi kaɗai ba sai an ƙarasa masa aiki. Ya ce a bari zai yi daga baya. Ni kuma ka san ba ni da makulli."

Ya faɗe ta a natse, da 'yar muryar tausayi, kamar mai rufa wa wani asiri. Baban Biyu ya ɗago kai yana neman idonsa. Ango ya duƙufa yana kallon wata waya a jikin bango, kamar yau ya fara ganin waya a duniya.

Likita mutum ne marar hayaniya, abin da ya sa hukuncinsa ya fi ciwo. Bai yi faɗa ba. Hannu kawai ya miƙa. Baban Biyu ya daɗe yana kokawa da igiyar takalmin nan, don ƙullin ya shekara ba a kwance shi ba, ƙarshe Babbar Nas ce ta miƙo almakashin yanka bandeji. Daga ranar makullin ya koma kan ƙusa a ofishinta, tsakanin na kabad ɗin magani da na banɗakin ma'aikata. Likita ya kuma ce tunda Malam Ango mutum ne mai lura, ya riƙa zuwa lokaci-lokaci yana duba aikin ɗakin.

A gida matarsa ta gane tun daga sallama, domin ba ta ji ƙarar makulli na bugun ƙugunsa ba. Da ya gaya mata, ta ajiye wukar da take yanka albasa.

"Ango? Angon da na san shi? Wanda kake ɗaukar wa sauran miya a kwano in matarsa ta yi tafiya?"

"Shi."

"Kai kuma ka yi shiru?"

"To me zan ce a gaban mutane? In ce ƙarya yake?"

"E mana! Da wane suna ake kiranta in ba ƙarya ba? Ni ce fa na yi naƙudar, Baban yara. In shaida ake nema a zo a tambaye ni."

Kafin magariba sai ga Ango a ƙofar gida, a ƙasa, da ledar lemo a hannu. 'Yan matan suka ruga suna Kawu, Kawu, uwarsu ta kira su ciki da wata murya da ba su saba ji ba. Mazan biyu suka zauna a kan dakali, ledar a tsakaninsu.

"Babban Aboki, ka fahimce ni," Ango ya fara. "Sabon reshen da Likita zai buɗe, ni zan ja wayoyinsa. In na ce ni na manta, shi ke nan, an gama da ni. Kai ɗan gida ne. Faɗa za a yi maka yau, gobe a manta."

"Ka gwada kuwa a ranar?"

"Na yi niyya, wallahi. Wuta ta ɗauke, na ce gobe. Ka san halin gobe."

"Amma ka ce mini ya tashi garau."

"Kana asibiti, matarka na kwance, so kake in ɗaga maka hankali?"

Baban Biyu ya kalli yara masu buga ƙwallo a bakin kwata. "Wancan mantuwa ce," ya ce. "Na yafe ta tun kafin ka faɗa. Da ka ce ka manta, da ni zan fara cewa ni ma da laifina. Na yau fa, Ango? Shi ma wuta ce ta ɗauke?"

Ango ya murza goshi, ya gyara zama, ya tura ledar gaba kaɗan. "Lemon nan mai zaƙi ne," ya ce. "A ba yara."

Abin da ya fi tsaya wa Baban Biyu a rai, kamar yadda ya gaya wa matarsa daga baya, shi ne har ya miƙe zai mayar da Ango gida a babur, don jikinsa ya saba. Sai da ya taɓa hannun babur ɗin sannan ya tuna.

Matar ba ta bar shi ya huta ba sai da ya je wurin Likita. Ya same shi yana wanke hannu, ya zayyana masa komai, da naƙudar da wayar da aka yi. Likita ya saurara har ƙarshe yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Yarinyar da aka haifa ranar, tana ina yanzu?"

"Tana firamare, ranka ya daɗe."

"Duk tsawon nan ba ka gwada ba?"

Baban Biyu ya sunkuyar da kai.

"Ni ban san wanda ya faɗi gaskiya a cikinku ba," Likita ya ce, "ba ni kuma da na'urar auna wannan. Ido na sani. In na yi wa mutum aiki, ko ni na tabbata ya yi kyau, sai na cire bandeji na ɗaga masa yatsu na ce nawa yake gani. Ku abokai ne, ku je ku sasanta."

Makullin bai sauko daga kan ƙusa ba.

Gyaran kansa ba wani abu ba ne, bai kai a sha kofin shayi ba. Baban Biyu ya karɓo makulli a wurin Babbar Nas, ya sa wa faifai na biyu umarnin tashinsa, ya zare na farko, ya kunna. Sabar ta tashi ba gardama. Ba kowa a bakin ƙofa wannan karon sai Ango, wanda ya zo dubawa a karon farko, yana tsaye da takalminsa a ƙafa cikin ɗakin.

"Madalla," in ji Ango. "Aiki ya yi kyau. Zan gaya wa Likita."

Baban Biyu ya ce, "Na gode, Injiniya." Tun daga ranar da wannan sunan yake kiransa, cikin ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo. Waɗanda suka san su sun ce da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi.

Yanzu mutumin ya zama wani iri, ko da yake ba za ka ce ya yi ɗaci ba. Yana nan da fara'arsa, yana gyara wa nas-nas wayoyinsu, yana taya tsofaffi karanta lambar layi. Sai dai ba abin da ya bari ba gwaji. Ya sa direba ya kwance tayar safaya ya ɗaura ta ya zagaya asibiti don a ga ko tana tafiya. In matarsa ta ce ta kulle ƙofa, sai ya ce ya yarda, sannan ya tashi wai zai sha ruwa, ta jiyo shi yana girgiza sakata. Ta daina yi masa magana a kai. Autar gidan ce kaɗai ba ta gane ba, takan tambaya me ya sa Kawu ya daina zuwa, uban ya ce aiki ne ya yi masa yawa, wanda kuma gaskiya ne, don ya samu kwangilar sabon reshen.

Kowace safiya yakan tsaya a ƙofar Babbar Nas ya yi sallama, ta miƙo masa makullin ba tare da ta dube shi ba, don ita ma abin na damunta. Wani lokaci garin sauri takan miƙo na banɗaki, ya karɓa ya yi godiya, ya dawo da shi a hankali. Hannunsa har yanzu yakan kai ƙugu in ya doshi ƙarshen baranda.

Kwanakin baya an ɗauki sabuwar nas, direba ya same ta a wurin shan shayin ma'aikata ya fara karanta mata darasin da ake yi wa kowa. Ya ɗaga biredi sama a matsayin faifai na farko, ya yi masa addu'ar mamaci, ya kwaikwayi ɗigon nan da ƙifta ido ɗaya. Ana cikin dariya sai ga Baban Biyu ya shigo da kofinsa.

"Yawwa, ga uban marayan nan," in ji direba. "Baban Biyu, gaya mata da bakinka. Ɗan da ka yi ta yabo shekara da shekaru, ranar da aka zo ganinsa ya kwance maka zani a kasuwa. In ni ne da tuni na sallama shi ga masu gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa."

Baban Biyu ya zuba shayinsa, ya juya sukari a natse, ya kurɓa.

"Ku bar yaron nan ya huta," ya ce. "Abin da aka ba shi ya riƙe, bai zubar da ko ɗaya ba. Da aka tambaye shi abin da ba a koya masa ba, shiru ya yi. Ni dai ban ji ya buɗe baki a gaban Likita ya ce ai ya gaya mini ba."